Inshorar Bashin Gida a Amurka: Yadda Mai Gida Zai Bi Kadin Kuɗinsa Idan Kamfani Ya Yi Kuskure

A watan Afrilun 2017 hukumar CFPB, wadda ke kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Amurka, ta maka kamfanin Ocwen a kotun tarayya da ke jihar Florida. A lokacin kamfanin na karɓar biyan bashin gidaje kusan miliyan 1.4. Cikin zarge-zargen da aka jera har da cewa ya ci gaba da cire wa mutane kuɗin inshorar bashi bayan wa'adinta ya cika, har abin ya kai kimanin dala miliyan 1.2, sai daga baya ya mayar. An kuma ce sakacinsa ya sa inshorar gidajen mutum fiye da 10,000 ta mutu ba su sani ba. Shari'ar ta ɗauki shekaru, daga ƙarshe alƙali ya ce wata tsohuwar yarjejeniyar sulhu ta riga ta toshe ƙofar ƙarar. Ba a nan maganar ta tsaya ba. A Disambar 2020 kamfanin Nationstar, da ake kira Mr. Cooper, ya amince ya biya kusan dala miliyan 73 ga mutum fiye da 40,000, kuma jinkirin soke inshorar bashi na cikin abin da aka tuhume shi da shi. A Agustan 2024 aka ci tarar kamfanin Fay Servicing dala miliyan 2, aka kuma umarce shi ya mayar wa mutane dala miliyan 3.

Wannan ya ishi mai hankali ya gane cewa kuskuren ba baƙon abu ba ne. Ɗan Najeriya da ya sayi gida a Houston, ko ɗan Nijar a Greensboro, ko ɗan zangon Kumasi da ke Bronx, duk wanda bai iya ajiye kashi 20 cikin 100 na kuɗin gida ba a matsayin kafin alƙalami, akwai yiwuwar yana biyan wannan inshora kowane wata. Da yawa ba su ma san nawa ba ne, domin a dunƙule ake cire ta tare da uwar kuɗi da kuɗin ruwa da harajin gida.

Aikin farko shi ne mutum ya tantance wace inshora ake magana a kai, domin suna da yawa kuma kowace da dokarta. Akwai PMI, wadda kamfanoni masu zaman kansu ke sayarwa a kan bashin banki na yau da kullum. Wani lauya mai suna Max Karl ne ya farfaɗo da wannan sana'a a birnin Milwaukee a 1957, da ya kafa kamfanin MGIC. Banki take karewa idan mai gida ya gaza biya, amma daga aljihun mai gidan ake biyanta: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba ta hana a ƙwace gida, kuma idan mai gida ya rasu ba ta biya wa magada ko sisi. Kamfanin Freddie Mac ya ƙiyasta kuɗinta tsakanin dala 30 zuwa 70 a wata a kan kowace dala 100,000 ta bashi.

Akwai kuma MIP, ta bashin da hukumar gidaje ta gwamnati, FHA, ta tsaya wa. A nan ana biyan kashi 1.75 cikin 100 na bashin tun farko, sannan a riƙa biyan wani kaso kowace shekara, wanda aka rage a Maris 2023 daga 0.85 zuwa 0.55 ga mafi yawan masu saye. Ga bashin FHA da aka buɗe daga 3 ga Yunin 2013, wanda ya ajiye kashi 10 ko fiye zai biya na shekara 11, wanda ya ajiye ƙasa da haka kuwa zai biya har ƙarshen bashin. Mutane da yawa kan ɓata watanni suna rigima da kamfani a kan a cire musu inshora alhali bashinsu na FHA ne, kamfanin kuma bai yi laifin komai ba. Mafita ɗaya ce a gare su: su sabunta bashin zuwa na yau da kullum idan lissafi ya yi. Haka nan wanda ya yarda tun farko banki ya biya inshorar da kansa a ƙara masa kuɗin ruwa. Wannan ƙari ba ya sauka sai an biya bashin ko an sabunta shi.

Ta uku ita ce inshorar gidan kansa, ta gobara da guguwa da sata. Ba inshorar bashi ba ce, amma a takarda ɗaya suke zuwa kuma kamfani ɗaya ke biyansu daga asusun ajiya da ake kira eskuro, don haka kuskurenta ma yakan faɗo kan mai gida.

Kuskuren da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ke ɓullowa makonni kaɗan bayan an karɓi makulli. Waya ta shigo, ma'aikacin banki ya ce an manta ba a sa PMI a lissafi ba, ko an rubuta adadin da bai kai ba, don haka kuɗin wata zai ƙaru, ga sabuwar takarda a sa hannu yau-yau. A irin wannan hali gaggawar ta banki ce, mai gida ba shi da dalilin yin ta. Abin da ya kamace shi shi ne ya ɗauko takardar nan mai shafi biyar da ake kira Closing Disclosure, wadda doka ta wajabta a ba mai saye aƙalla ranakun aiki uku kafin a rufe ciniki, tun daga Oktoban 2015. A shafin farko akwai jadawalin abin da za a riƙa biya kowane wata, kuma inshorar bashi na da layinta daban, tare da shekarun da za ta ɗauka. Shafi na biyu na nuna abin da aka biya nan take, na huɗu na bayanin asusun ajiya, na biyar kuma na ɗauke da jimillar tsadar bashin. Sai ya jera ta da takardar ƙiyasin farko da aka ba shi lokacin da ya nemi bashin, da takardar alƙawarin biya, da takardar bayanin PMI. Idan sifili aka rubuta a layin inshora, ko adadin ya gaza wanda ake nema yanzu, hujja na hannunsa.

Dalili kuwa shi ne a ƙarƙashin dokar bayyana gaskiyar bashi ta 1968, kuɗin PMI na cikin tsadar bashi da dole a bayyana wa mai karɓa. Dokar ta ba banki damar ya gyara kuskurensa cikin kwana 60 da gano shi ba tare da an hukunta shi ba, amma da sharaɗin ya daidaita lissafi yadda mai gida ba zai biya fiye da abin da aka bayyana masa ba. Banki zai iya tunatar da shi cewa a cikin tulin takardun ranar ciniki ya sa hannu a kan wata da ke cewa zai ba da haɗin kai wajen gyara kurakuran rubutu. Gaskiya ne, kusan kowa na sa hannu a kanta. Sai dai gyara harafin suna ko lambar fili daban, ɗora wa mutum dala 135 a wata na shekara tara daban. A wannan gaɓa biyan lauyan harkar gidaje na awa ɗaya ba asara ba ne, musamman da yake wa'adin kai ƙarar neman diyya a ƙarƙashin wannan doka shekara ɗaya ne kacal a mafi yawan lokuta. Kafin nan, amsar da ta wadatar a waya ita ce: a aiko da bayanin a rubuce.

Kuskuren da ya fi yawa, shi kuma a ɓoye yake tafiya, shi ne barin PMI ta wuce lokacinta. Dokar kare masu gidaje ta 1998, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Yulin 1999, ta yanka wa'adi uku ga gidan da mutum ke zaune a ciki, kuma duk an ɗora su a kan darajar gida ta asali, wato ko dai farashin da aka saya ko ƙiyasin da aka yi lokacin saye, duk wanda ya fi ƙanƙanta.

A ɗauka mutum ya sayi gida dala 300,000, ya ajiye 30,000, ya ci bashin 270,000 na shekara 30 a kan ruwa kashi 6.5. Ranar da sauran bashin ya sauko 240,000, wato kashi 80 na darajar asali, yana da damar ya rubuta ya nemi a cire inshorar. Idan bai taɓa ƙara ko dala ɗaya a kan biyan wata ba, wannan rana za ta zo a wata na 95. Idan ya yi shiru, dole kamfani ya cire ta da kansa ranar da jadawalin biya ya nuna bashin ya kai kashi 78, wato 234,000, a wata na 109, muddin ba a bin sa bashin wata. Tsakanin ranakun biyu akwai wata 14. Idan inshorar dala 135 ce a wata, shirun nan ya ci masa dala 1,890, kuma babu wanda zai zarga sai kansa. Wa'adi na uku shi ne tsakiyar zangon bashi: a bashin shekara 30, idan an cika 15, dole a cire ko lissafi ya kai ko bai kai ba.

Akwai wani bambanci da ke rikita mutane, har da ma'aikatan da ke amsa waya. Wanda yake ƙara kuɗi a kan uwar bashi yana matso da ranar kashi 80 ne kawai, ranar kashi 78 tana nan inda jadawalin farko ya ajiye ta. Saboda haka mai biyan ƙari da ya zauna yana jiran kwamfutar kamfani ta tuna da shi zai daɗe yana jira. Shi ne zai nema.

Neman cirewa a kashi 80 na da sharuɗɗa: a rubuce za a yi shi, kada mutum ya yi lattin kwana 30 cikin watanni 12 da suka wuce ko na kwana 60 cikin watanni 24, kada a sami wani bashi na biyu a kan gidan, kuma kamfani na iya neman shaidar cewa darajar gidan ba ta faɗi ba, wanda yawanci ke nufin mai gida ya biya mai ƙiyasi. A kashi 78 kuwa babu maganar ƙiyasi. Duk kamfanin da ya ce sai an kawo mai ƙiyasi kafin ya cire a wannan mataki ya saɓa doka, kuma CFPB ta fayyace haka a sanarwar da ta fitar a Agustan 2015. Bayan an cire, duk rarar kuɗin inshora da aka riga aka karɓa dole a mayar wa mai gida cikin kwana 45. Wasu kamfanoni kan jefa rarar cikin asusun ajiya su bar ta can, hukumar ta ce wannan ba mayarwa ba ce. Idan kuma aka ƙi amincewa da buƙatar, dole a rubuto dalili cikin kwana 30.

Inda farashin gidaje ya tashi akwai wata ƙofa, amma ba ta doka ba ce, ta ƙa'idar Fannie Mae da Freddie Mac ce, manyan kamfanonin nan biyu da ke sayen bashi daga bankuna. Idan ɗayansu ne ke da bashin, ana iya amfani da darajar gida ta yanzu: tsakanin shekara biyu zuwa biyar sai bashin ya sauko kashi 75, bayan shekara biyar kashi 80. Kada mutum ya ɗauko mai ƙiyasi da kansa, domin kamfanin ne ke turo nasa, wanda aka kawo daga waje asarar kuɗi ce. Fannie Mae da Freddie Mac duk suna da shafin intanet da mutum zai duba ko bashinsa na hannunsu.

Lokacin da lissafi ya fi lalacewa shi ne lokacin da aka sayar da aikin karɓar biya daga kamfani zuwa kamfani, abin da kan faru ba tare da an nemi yardar mai gida ba. A nan ne darajar asali kan rikiɗe, ranar cirewa ta ɓace, takardar inshorar gobara ta maƙale a tsohon ofis. Tsohon kamfani zai sanar aƙalla kwana 15 kafin sauyin, sabon kuma cikin kwana 15 bayansa, sannan na tsawon kwana 60 ba a cin tarar latti idan mutum ya aika kuɗi ga tsohon a kan lokaci. Wanda ya sami irin wannan wasiƙa ya kamata ya sauke duk tarihin biyansa daga shafin tsohon kamfani kafin a rufe masa shi.

Idan sabon kamfani ya ɗauka gidan ba shi da inshorar gobara, zai saya masa tasa ya ɗora masa kuɗin. Irin wannan inshorar dole ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma galibi ginin kawai take karewa, ban da kayan ciki. Doka ta ce sai an aiko gargaɗi kwana 45 kafin a fara caji, a sake aiko tunatarwa aƙalla kwana 15 kafin nan. Da zarar mai gida ya nuna shaidar cewa tasa na raye, kamfani na da kwana 15 ya soke tasa ya mayar da kuɗin duk kwanakin da suka haɗu. Asusun ajiyar ma yana da iyaka: ba a yarda kamfani ya tara rarar da ta wuce ta wata biyu ba, kuma idan lissafin shekara ya nuna ragowar dala 50 ko fiye, sai a mayar cikin kwana 30.

To, yaya ake sa kamfani ya motsa? A nan ne akasarin mutane ke faɗuwa. Sukan kira waya, a bar su da kiɗa a kunne na rabin awa, wata murya mai daɗi ta ce an shigar da ƙorafi, wata ya zagayo a sake cire kuɗin. Kiran waya ba ya ɗora wa kamfani wa'adin amsa ƙorafi. Wasiƙa ce ke yin haka. Tun 10 ga Janairun 2014, ƙa'idar da aka gina a kan dokar RESPA ta 1974 ta ce idan kamfanin karɓar biya ya sami rubutaccen ƙorafin kuskure, dole ya tabbatar da karɓa cikin ranakun aiki biyar, sannan cikin ranakun aiki 30 ko dai ya gyara, ko ya yi bincike ya rubuto dalilin da ya sa yake ganin babu kuskure. Yana iya ƙara kwana 15 na aiki idan ya sanar kafin wa'adin farko ya cika. Ba a biyan ko kwabo a kan wannan. Na tsawon kwana 60 kuma ba shi da ikon kai sunan mutum wurin masu ajiye tarihin bashi a kan kuɗin da ake jayayya a kai, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da makin bashi ke bin mutum har wurin neman hayar ɗaki.

Wasiƙar ba ta buƙatar Turancin lauya, shafi ɗaya ya isa. A sama a rubuta Notice of Error, sai cikakken suna kamar yadda yake a takardar bashi, lambar asusu, da adireshin gidan. Daga nan a faɗi kuskuren da lambobi: darajar asali kaza, kashi 78 ɗinta kaza, jadawali ya nuna an kai ranar kaza, amma an ci gaba da cire dala kaza na wata kaza. A faɗi abin da ake so, wato a soke inshorar a mayar da jimillar kuɗi kaza. Labarin wahalar da aka sha da zagin ma'aikata ba sa ƙara komai. A haɗa kwafin takardu, na asali su zauna a gida. Kowane kuskure a ba shi sakin layinsa, domin kamfani kan amsa mai sauƙin ya tsallake mai wuyar idan aka cakuɗa su.

Adireshi na da muhimmanci ƙwarai. Doka ta yarda kamfani ya ware adireshi na musamman don irin waɗannan wasiƙu, kuma idan ya ware, wadda aka aika wani wuri ba ta ɗaure shi. Yawanci yana jikin takardar lissafin wata, da ƙananan haruffa, daban da inda ake aika kuɗi. Rubutu a gefen takardar biya ma ba ya shiga lissafi. A aika ta gidan waya da rajista mai dawo da rasidin karɓa, wancan koren katin da ma'aikacin kamfani zai sa wa hannu, domin daga ranar da ke jikinsa ake fara ƙirga kwanaki. Wanda ba shi da jadawalin biya ko tarihin asusun ajiya zai iya neman su da wasiƙa ta biyu, ta neman bayani, mai wa'adi iri ɗaya. Idan sunan mai bashin kawai ake tambaya, ranakun aiki goma ne. Abu ɗaya da za a kiyaye: wannan hanya ta kurakuran karɓar biya ce. Kuskuren da aka tafka tun wajen ƙulla bashin, kamar mantuwar PMI a takardar ciniki, bankin da ya ba da bashin ake tunkara da shi.

Duk tsawon wannan jayayya, kada a daina biya, kada kuma a rage da sunan cire kuɗin inshorar da kai. Kuɗin da bai cika ba kamfani kan ajiye shi gefe ya rubuta cewa ba a biya watan ba, kuma lattin kwana 30 guda ɗaya ya isa ya rushe sharaɗin cire PMI na shekara guda. Wanda ya biya ya nemi a mayar masa ya fi wanda ya riƙe ƙarfi a gaban kowace hukuma.

Idan wa'adi ya cika babu amsa, ko amsar ta zo ba ta taɓa tambayar ba, mataki na gaba shi ne shigar da ƙorafi a shafin CFPB, inda kamfanoni kan amsa cikin kwana 15, wasu lokuta har zuwa 60. Hukumar ta shiga rikicin rage ma'aikata a 2025, don haka bai kamata a dogara da ita kaɗai ba. Kowace jiha na da hukumar da ke sa ido kan kamfanonin bashin gida, ga kuma ofishin babban lauyan jiha, kuma jihohi na cikin waɗanda suka matsa wa Nationstar har ya biya. Akwai masu ba da shawara kan gidaje da ma'aikatar gidaje, HUD, ta amince da su, waɗanda ke duba takardu kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Kotu ce ta ƙarshe, kuma dokar 1998 da dokar RESPA sun tanadi cewa kamfanin da aka samu da laifi zai biya asarar da ya jawo da kuɗin lauya, wani lokaci da ƙarin diyyar da ba ta wuce dala 2,000 ba. Wa'adin kai ƙara a kan PMI shekara biyu ne daga ranar da aka gano laifin, na RESPA kuma shekara uku daga ranar da aka aikata shi.

Doka ta wajabta wa kamfani ya aiko wa duk mai biyan PMI takarda sau ɗaya a shekara, mai tunatar da shi haƙƙinsa na cirewa, da adireshi da lambar wayar da zai tuntuɓa. Duk wanda ke da irin wannan bashi ya nemo ta shekarar nan, ya ɗauko takardar ciniki, ya lissafa kashi 80 da kashi 78 na darajar gida ta asali, ya kwatanta da sauran bashin da ke jikin takardar watan jiya.